Benen Irmiya da Katangar Gwadabe

A shekarar da labari ya bazu cewa gwamnati za ta gina sabon babban birnin ƙasa a dajin da ke kudu da mu, duk wanda ya mallaki biro da takalmi sau-ciki a garin nan sai ya wayi gari ɗan kwangila. Lokacin garin bai zama Suleja ba tukuna, Abuja ake ce masa, kafin a karɓe sunan a kai daji. Mahauci ya ajiye wuƙa, direba ya ajiye sitiyari, kowa ya sa aka rubuta masa allo ya kafa a ƙofar gida. Mutumin da bai taɓa gina ko akurkin kaji ba sai ka ji yana maganar ginshiƙi da rodi kamar a cikinsu aka haife shi.

A cikin wannan hayaniya ne Tica Irmiya ya ajiye alli, bayan shekara talatin da biyu yana koyar da lissafi a firamare. Ya karɓi kuɗin sallamarsa, ya ce zai ɗora bene a kan gidansa na Kurmin Sarki. Unguwa ta yi ta mamaki. Daga shi sai matarsa Rifkatu a gidan, 'yarsu ɗaya tilo Lami tana aure a Kaduna, ɗaki biyu ma ɗaya a rufe yake. Wasu suka ce kuɗi ne suka hau masa kai, wasu suka ce haya zai ba ma'aikatan sabon birni. Shi dai bai ce wa kowa komai ba.

Gaskiyar maganar tana wurin Rifkatu. A wani ƙauye a gindin Dutsen Zuma aka haife ta, a can kuma aka binne uwarta. Sa'ad da suka gina gidan nan, wurin duk gonaki ne, kullum da safe takan zauna a ƙofar ɗaki da kwanon koko tana kallon dutsen daga nesa har ta shanye. Sannu a hankali gari ya cika, Malam Gwadabe mai goro ya zo daga Kano ya yi gini jikin nasu, dutsen ya ɓace a bayan rufinsa. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Sai ga shi idanunta sun fara ba ta wahala, Irmiya ya kai ta asibiti a Kaduna. Likita ya ja shi gefe ya ce wannan ba yana ba ce da za a ɓare, gani ne yake tsukewa daga gefe kamar bakin jaka, in an yi sa'a ta ƙara ganin damina ɗaya.

A mota suna dawowa ta ce, "Baban Lami, na ji abin da ya faɗa maka, kunnena lafiya lau yake. Abu biyu nake roƙo. Kada kowa ya ji maganar idona, ba na son matan zumuntar coci su cika min tsakar gida da sannu-sannu ina raye. Na biyu, ina so in ƙara ganin dutsen garinmu."

Ya ce, "Wannan ai mai sauƙi ne, Maman Lami. Gobe ma sai mu shiga mota zuwa Madalla, gindin dutsen."

"Ni baƙuwa ce da zan biya kuɗin mota in je kallonsa? Daga gidana nake son ganinsa, da safe, ina shan kokona, kamar da."

Suna isa gida ta sa ya dafa Littafi Mai Tsarki a kan roƙo na farko. Na biyun, shi da kansa ya ɗaukar wa ransa, ba wanda ya sa shi.

'Yan kwangila uku suka zo neman aikin. Na farko bai ko dubi gidan ba, tambayarsa kawai nawa aka ba Tica kuɗin sallama. Na biyu tsohon mahaucin nan ne, ya zagaya gidan yana mammatsa bango kamar mai taya sa. Na uku shi ne Cletus, tela a bakin kasuwa har zuwa kwanan baya, wanda ya shekara shida yana ɗinka wa Irmiya wanduna. Da tef ɗinsa na ɗinki a wuya ya zo, alli a bayan kunne. Ya auna gidan kamar yadda ake auna mutum, ƙugu da kafaɗa da tsayi, ya ja da baya ya karkata kai.

Ya ce, "Tica, gidanka tana da ƙugu mai kyau, bene zai zauna mata. Na bar inci huɗu kowane gefe, ko za ta yi ƙiba. No wahala."

Irmiya ya tuna cewa a shekara shida ko wando ɗaya bai taɓa ɓarke masa a gaban aji ba, ya ba shi aikin. Allah ya taimaka Cletus ya ɗauko wani tsohon birkila da ya san abin da yake yi, in ba don haka ba da labarin nan ya ƙare tun a ginshiƙi.

Kuɗin da aka faɗa ranar farko bai kai mako da rai ba. Sumunti yakan kwana da farashi ɗaya ya tashi da wani, rodi ya yi tashin gwauron zabo, masu tipa suka fara sayar da yashi kamar gero. Kuɗin sallama suka shige cikin ginshiƙai huɗu ba su ƙara fitowa ba. Rediyon Irmiya ta tafi wurin katako, agogon bangonsa ya tafi wurin tsakuwa. Bai damu ba, tun da kowane bulo da aka ɗora yana kusantar da matarsa ga dutsen.

Ranar da leburori suka fara hawa sama, sai aka ji ihu daga gidan Gwadabe, tukunya ta faɗi, takalma suka watse. Matan gidan, wato matarsa Zuwaira da tsohuwarsa Inna da matan 'ya'yansa biyu, suna tsakar gida ba mayafi, masu daka na daka, masu tsifar kai na tsifa, suka ɗaga ido suka ga ƙartai a tsaye a kansu. Da la'asar Gwadabe ya yi sallama. Ya gaida Irmiya, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, ya tambayi aiki, ya sake tambayar gajiya, sa'an nan ya sunkuyar da kai.

Ya ce, "Tica, yau mutanen gidana sun ga maza a sararin sama."

Kunya ta kama Irmiya. Ya san al'adar sarai, ɗoki ne ya mantar da shi. A unguwa irin tamu, duk namijin da zai hau rufi ko bishiya ko katanga sai ya ɗaga murya sau uku, "Gafara maƙwabta, za a hau sama! Mata a kimtsa!" Sa'an nan ya dakata su shige ɗaki ko su yafa mayafi. Ya ba da haƙuri, ya kira Cletus ya karanta masa dokar.

Cletus kuwa tela ne, abin da aka auna masa shi yake ɗinkawa. Aka ce duk wanda zai hau, to, duk wanda zai hau. Leburori goma sha biyu ne, kowanne da kwanon sarki a kai, kowanne in ya zo gindin tsani sai ya tsaya ya rangaɗa kiran sau uku. Ranar zuba dekin, wato daɓen saman bene, da yake kankare ba ya jiran kowa, tun hantsi har rana ta yi sanyi ba abin da ake ji a Kurmin Sarki sai za a hau sama, za a hau sama. Matan Gwadabe su ruga ɗaki, su ji shiru su fito, kafin su kai ga murhu wani ya sake. Kwana huɗu tuwon gidan yana ƙonewa. Inna, da gwiwoyinta suka gaji da gudu, ta sa aka kife mata babban daron wanki a kai, tana zaune a ƙarƙashinsa tana jan carbi. Kaji ma suka koya, da sun ji kiran sai su bi mata cikin ɗaki.

Abin bai tsaya nan ba. Gwadabe yana da aku da ya taho da shi daga Kurmi, can kudu, a wani fataucin goro, tsuntsun da shekara uku ba a taɓa jin ya ce ko sannu ba. Cikin mako ɗaya ya haddace kiran, da muryar wani lebura mai shaƙewar maƙogwaro. Ranar Lahadi, ba aiki ba kowa a sama, aku ya buɗe baki, mata suka bar shanya suka ruga.

Duk wannan Gwadabe ya haɗiye shi, don ya san gini yana ƙarewa. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne ranar da aka kafa tagar bene. Taga ce da ba a taɓa ganin mai faɗinta a unguwar ba, kuma ta buɗe baki sak a kan tsakar gidansa. Ya sake yin sallama, aka sake gaisawa har gaisuwa ta ƙare.

Ya ce, "Tica, wannan taga ai ƙofa ce. Me za a gani ta cikinta?"

Irmiya ya yi lissafi a ransa. Ya ga in ya ce dutse, za a ce don me, in ya ce don Rifkatu, za a ce me ya same ta, daga nan sai rantsuwa ta warware. Ya ce, "Iska, Malam Gwadabe. Don shan iska ce."

"Iskar wajen gidana kaɗai? Ta yamma laifin me ta yi?"

"Ta nan ta fi sanyi."

Gwadabe ya ce Allah ya sanya albarka, ya miƙa masa farin goro, ya tafi. A hanya yana ta saƙe-saƙe: mutum ya bar aiki, ba inda zai je, zai zauna a tagar nan daga safe har magariba, shin wuni zai yi yana kira, ko matan ne za su wuni a ɗaki har ƙarshen rayuwarsu? Shi kuma mutum ne da ya gwammace ya yi asara da ya yi sa-in-sa da maƙwabci. Washegari aka ga Cletus a gidan Gwadabe, tef a hannu, yana auna ƙugun katanga.

Ni dai har yau haushin mutanen nan nake ji. Magana ɗaya da ta kashe zancen, amma wannan rantsuwa ta ɗaure shi, wancan kunya ta ɗaure shi, Cletus kuma ba abin da ya ɗaure shi. Da safe yana aikin Tica, da yamma yana aikin Gwadabe, da tsani ɗaya, kowannensu kuma yana biyan hayar tsanin. Kuɗin da Gwadabe ya shekara bakwai yana tarawa don kujerar Makka suka fara zama bulo. Duk da haka kullum da safe maƙwabtan biyu sai sun gaisa har da riƙe hannu. Ruwan kwaɓa sumuntin Irmiya daga rijiyar Gwadabe ake jansa kyauta, yashin Gwadabe kuma a ƙofar Irmiya ake jibge shi, shi ne ma mai korar awaki daga kansa.

Ranar da aka buga kwanon rufi, Irmiya ya yi kiran sau uku, ya hau matakala da kyar, don Cletus ya bar wa kowane taki nasa inci huɗun. Ya kai sama ya tura tagar. Sai ga katanga, sabuwa fil, tana warin sumunti, kusa da har zai iya miƙa hannu ya shafa ta. Wani ƙadangare yana manne a jiki yana gyaɗa masa kai. Ya juya ya sauko.

Rifkatu ta ce, "An gan shi?"

Ya ce, "Saura kaɗan." Ya zauna kusa da ita, ya yi ƙasa da murya. "Maman Lami, ki sake ni in faɗa wa Gwadabe."

"Ka dafa Littafi. In Gwadabe ya ji, Zuwaira ta ji, in Zuwaira ta ji, kafin azahar an ji a Tafa. Bar shi ya yi ta gini, kuɗinsa za su riga namu ƙarewa."

Ashe masu taurin kan uku ne, ba biyu ba.

Cletus ya zo ya dubi katangar da hannunsa ya gina kamar yau ya fara ganinta, ya girgiza kai, ya ce, "Tica, gidanka ta gaza. Sai mu farke rufi mu ƙara mata tsayi. Hawa ɗaya kawai, za ka ga har Minna." Aka ɓamɓare kwanon da aka buga shekaranjiya, aka sake neman rodi. Gonar Irmiya ta Izom, mai mangwaro tara da ya dasa da hannunsa, ta tafi. Kekensa ya bi ta. Da Gwadabe ya ga rodi ya sake tsirowa a sama, sai ya sayar da rabonsa na motar goro, katanga ta ƙara miƙewa, aka yi mata matokara kamar tsohuwa mai sanda uku.

Ran kasuwa mutane daga ƙauyuka sukan ratso ta unguwar don kallo. Wasu suka ce otal ne na baƙin gwamnati, wasu suka ce gidan yari ne, katangar ce ma aka fara. Cletus ya sayi babur, ya ƙara tef na biyu a wuya. Da can Rifkatu da Zuwaira ta kan katanga suke miƙa wa juna daddawa da garwashi, suna hira haɓa a kan bango. Yanzu sai da igiya da guga, a jefa a jawo, kafin garwashi ya haye ya sauka ya zama gawayi.

Ana cikin haka ruwan farko ya sauka. Irmiya ya lura Rifkatu ta daina tambayar ko an gan shi. Tana tafiya hannunta na bin bango, in za ta zuba ruwa a kofi sai ta sa yatsa a bakinsa. Ta daina zuwa kasuwa, ta ce ƙafa ce. Tsoro ya shige shi sosai, irin wanda ke hana mutum jin ɗanɗanon abinci. Kullum yana bin Cletus yana roƙo a yi sauri, Cletus yana cewa sumunti ne, Tica, sumunti.

Sai aka yi haihuwa a gidan Gwadabe. Suna a gidan maƙwabci ba abin da za a kauce masa ba ne, dole Rifkatu ta shiga. Irmiya bai ga abin da ya faru ba, daga baya aka ba shi labari. Wai tana shiga tsakar gida ta nufi wani turmi da aka yafa wa zane don kada ruwa ya shiga, ta durƙusa a gabansa da ladabi ta ce, "Inna, ina wuni? Ya ƙarfin jiki? An samu ƙaruwa, Allah ya raya." Mata suka fashe da dariya, sun ɗauka tsokanar Inna take yi saboda zamanta a ƙarƙashin daro. Zuwaira ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta zo ta kama hannunta, ta ja ta ɗaki, ta saki labule.

Washegari da hantsi, bayan Zuwaira ta ba shi labarin idon da na dutsen, Gwadabe ya faɗo gidan Irmiya. Shekara goma sha takwas suna maƙwabtaka, ranar ce ta farko da ya fara magana bai yi gaisuwa ba.

"Tica, wa zai zauna a ɗakin saman nan?"

"Maman Lami."

"Kai fa?"

"Ni koko zan kai mata in sauko. Jiri nake ji in na daɗe a sama."

Gwadabe ya cire hula ya riƙe ta da hannu biyu. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Mace? Mace na yi wa katanga? Tica, mace ai ko a tsakiyar gidana ta ga dama sai ta shimfiɗa tabarma ta wuni! Me ya hana ka ce min ɗakin nata ne?"

Irmiya ya buɗe baki zai ce rantsuwa, sai maganar ta tsaya. Rantsuwar a kan ido ce. Ba wanda ya taɓa hana shi cewa matarsa ce za ta zauna a ɗakin, ba kuma wanda ya taɓa tambayarsa. Mutumin da ya shekara talatin da biyu yana dukan yara a kan su karanta tambaya kafin su ba da amsa, ga shi ya sayar da gona, ya ɓata wata bakwai daga cikin ɗan abin da ya rage wa idon matarsa, a kan amsar tambayar da ba a yi masa ba. Ya zauna a kan buhun sumunti.

Aka aika aka kira Cletus, aka ce a rushe katanga yau. Ya sauko daga babur ya ce farke ɗinki ya fi ɗinki cin lokaci, sai an ba shi mako biyu da kuɗin da ya ninka na gini. Gwadabe bai ko dube shi ba. Ya naɗe hannun riga, ya ɗauki diga, mutum mai shekara sittin da tumbi, ya tsaya a gindin tsani ya yi wa gidansa na kansa kira sau uku, ya hau, 'ya'yansa biyu na biye. Suka yi ta sara, bulon kujerar Makka yana zubowa ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Kafin magariba sun fasa wani wawakeken giɓi daidai saitin tagar hawa na farko.

Gari ya waye tas bayan ruwa. Labari kuwa, kamar yadda Rifkatu ta faɗa, ya riga ya kai Tafa, lungu ya cika da mutane. Ta yi wanka, ta ɗaura zanenta na zuwa coci, ta kafa ɗankwali. A gindin matakala Irmiya ya tsaya, kwanon koko a hannu ɗaya, hannunta a ɗayan. Tun da shi namiji ne sai ya yi kira. Ya buɗe baki, murya ta ƙi fita. Ya sake gwadawa, ta ƙi. Sai daga ƙetaren katanga aku ya ɗauka da shaƙaƙƙiyar muryarsa, ya yi kiran sau uku cif. Wannan karon ba macen da ta gudu, suna tsaye a tsakar gida da mayafansu, kai a sama, har Inna ta fito daga ƙarƙashin daro.

Suka hau a hankali, yana gaya mata inda taki ya yi tsawo da inda ya gaza. A samansu hawa na biyu yana nan ba rufi, rodi a tsaitsaye. Ya zaunar da ita a kujera, ya sa mata kwanon a hannu, ya tura tagar.

Dutsen yana can ta cikin giɓin, ruwa ya wanke shi, ya tsaya shi kaɗai a bayan gonaki da baƙaƙen layuka a jikinsa. Shi kansa Irmiya ya manta girmansa ya kai haka.

Daga ƙasa Zuwaira ta ɗaga murya. "Maman Lami! Kin gan shi?"

Rifkatu ta ɗan leƙa, ta amsa da ƙarfi yadda har na lungu za su ji. "Na gan shi, Zuwaira! Yana nan yadda na bar shi!"

Guɗa ta tashi. Gwadabe ya juya baya yana share fuska da hannun riga, Cletus yana bin mutane yana faɗa musu shi ya yi aikin duka biyu. Irmiya ya juyo da murna zai yi mata magana, sai ya ga inda fuskarta take kallo. Ta karkata hagu, tana murmushi ga ragowar katangar da diga bai taɓa ba.

Bakinta da kyar yake motsi ta ce, "Baban Lami, kada ka yi kuka, suna kallonmu. Juya min fuskata wajensa."

Ya matso kamar zai gyara mata ɗankwali, ya sa hannu biyu a kumatunta, ya juya kanta a hankali har ta fuskanci dutsen. 

Ya ce, "Tun yaushe?"

"Yau kwana tara." Ta kai kwanon baki ta kurɓa. "Akwai gajimare a kansa?"

"Akwai. Fari, ya zauna masa a ka."

Ta gyaɗa kai, ta ƙara kurɓa. "To, za a yi ruwa kafin azahar. Ka ce wa Zuwaira kada ta yi shanya."

Irmiya ya goge idonsa da bayan hannu, ya leƙa ta tagar, ya faɗa wa Zuwaira.